Kura Ce ko Ƙura? Abin da Ɓatan Ƙugiya Guda Ya Koya Mini

A shafi na arba'in da ɗaya na rubutun da na yi daga bakin kakata akwai wata jimla da har yau ban san ma'anarta ba, alhali kuwa ni na rubuta ta da hannuna, kuma babu kalma ko ɗaya a cikinta da ta fi ƙarfin yaro ɗan shekara biyar. Ga yadda take a cikin kwamfuta yanzu: "Muna cikin hwadama da almuru, sai kura tat taso, munka tattara diyan awaki." Babu wuya in gane cewa "diyan" ɗin nan "ɗiyan" ne, domin haka muke cewa a Arewa. Amma me ya taso? Idan kura ce, to labari ne na mata da yara da suka yi arba da naman daji a bakin duhu. Idan ƙura ce, labari ne na iskar fari da ta turnuƙe fadama har mutum bai ganin tafin hannunsa. Duka biyun suna sa a tattara ƴan awaki. Ƙugiya guda ce ta raba su, ita kuwa ta faɗi a hanya, kuma wadda za ta raba gardamar ta riga mu gidan gaskiya.

Na rubuto wannan ne domin ƴan'uwana ɗalibai da ke shirin fita aikin tattara bayanai, ko Allah zai sa wani ya tsira daga ramin da na faɗa. Malamanmu sun koya mana yadda ake zaɓen mai ba da bayani da yadda ake yi masa tambaya. Abin da ba a cika zama a tattauna ba shi ne kayan aikin da maganar za ta zauna a cikinsu bayan an ɗauko ta, wato manhajojin kwamfuta da na waya. Ni dai sai da na yi asara na san su.

Ni ɗan Sukukutane ne, arewa da Dogondutsi, cikin ƙasar Arewa ta jihar Doso. A hutun damina na shekarata ta biyu a jami'a na koma gida da ƴar waya da tsohuwar kwamfutar hannu, da niyyar ɗaukar maganar tsofaffi don nazarin karin harshenmu. Kakata ta wajen uwa ce ta fi ba ni haɗin kai, ko da yake ba ta bar tsokanata ba. Duk lokacin da na ajiye wayar a kan tabarma sai ta ce, "Maigidana, yau kuma mi kaka so in hwaɗa ma wagga aba taka? Ita dai ba ta gajiya da saurare, ba kamar kai ba." Zama goma sha ɗaya muka yi. Ta ba ni tatsuniyoyi, ta ba ni sunayen ciyayin da ake ci idan rumbu ya ƙare, ta kuma ba ni labarin farin 1973 da 1974, lokacin da suka kora abin da ya rage na dabbobinsu suna neman inda ke da sauran danshi. A cikin wannan labarin ne jimlar take.

Da dare nakan zauna in saurara in rubuta. Allon madannan kwamfutata irin na Faransa ne, wanda haruffansa na farko suke AZERTY, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a kansa. Wani yayanmu a sashe ya ba ni mafita kafin in taho: wani zubin haruffa da shi ma ya gada daga na gaba da shi. Zubin haruffa shi ne abin da masu kwamfuta a Yamai ke kira polis, ko da yake ba ruwansa da ƴan sanda. Idan na zaɓe shi na danna madannin µ sai ƙ ya fito, na danna § sai ɗ ya fito, haka dai har huɗun. Na yi murna ƙwarai. Ban san cewa fenti kawai aka yi wa haruffan ba. A idona ƙ ne, amma a cikin kwamfutar µ ne yana nan daram, an dai sa masa rigar aro.

Da bazara ta zo kwamfutar ta mutu, mutuwar da mai gyara ya ce babu tashi. Abin da ya tsira shi ne abin da ke cikin kile ɗina: rubutun gaba ɗaya, da sauti uku daga cikin goma sha ɗaya, domin sauran sun yi nauyi, na ce sai na sayi babban kile, wayar kuwa na riga na share ta don samun wuri. Na kai rubutun wani shagon buga takardu don in fitar da shi in nuna wa malamina. Kwamfutar shagon ba ta da zubin nan nawa, saboda haka rigar aro ta tuɓe, shafukan suka cika da µ da § da makamantansu. Na fita neman canji. Kafin in dawo, yaron shagon, da kyakkyawar niyya, ya umarci kwamfuta ta mayar da kowane µ ya koma k, kowane § ya koma d, sauran ma haka, ya kuma adana a kan fayil ɗin nawa. Ya tarbe ni da fara'a ya ce, "Malam, cuta ce ta shiga rubutunka, amma na gyara maka." Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban kuma gani ba har yau. Ni ne na ɗora aikin wata uku a kan tubalin toka.

Na ɗauki makonni ina mayar da ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Galibinsu mahallin magana ya nuna mini su: ba a zama a "kasa", ba a shiga "daki", ba a taka "kaya" a ji zafi sai dai ƙaya. Amma akwai wuraren da Hausa ba ta yin rangwame. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka, bari da ɓari, duk muna jera su a aji a matsayin misalan kalmomin da sauti guda ya raba, muna haddace cewa ƙ tunkuɗau ne, ɓ da ɗ haɗiyau ne. Sai a lokacin na gane cewa abin ya wuce amsar jarrabawa. Wurare bakwai suka gagare ni. Shida na warware da taimakon sautin da ya rage da kuma mahaifiyata. Na bakwai shi ne wanda na fara da shi.

Lambar da ke ƙarƙashin harafi

Abu na farko da ya kamata kowane ɗalibin harshe ya sani shi ne kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da muke gani a allo lamba ce ke ƙarƙashinsa, zubin haruffa kuwa shi ke zana wa lambar sura. Tsarin da duniya ta amince da shi na raba wa haruffa lambobi shi ne Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, kuma tun farkon shekarun 1990 haruffanmu suna da gurbinsu a ciki. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta Ƙ U+0198. Ta ɓ U+0253, ta Ɓ U+0181. Ta ɗ U+0257, ta Ɗ U+018A. Ta ƴ U+01B4, ta Ƴ U+01B3. Wato tun kafin a haife ni aka warware matsalar da ta cinye mini aiki, ni ne labari bai iso wa ba. Harafin da aka rubuta da lambarsa ta gaskiya, ko an kai shi kwamfutar da ba ta iya zana shi ba, iyakaci ya fito a matsayin ɗan akwati, amma yana nan da ransa. Da an sauya zubi zai bayyana. Wanda aka yi wa fenti kuwa, da zarar ya bar gida asirinsa ya tonu.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba kowa shawara ya yi yau, kafin gobe. Ka buɗe rubutunka, ka zaɓe shi duka, ka sauya zubin zuwa wani daban. Idan ƙ ya zauna ƙ, ko ya koma akwati, kana kan hanya. Idan ya rikiɗe ya zama wata alama, to ka tsaya ka gyara tun fayil ɗin yana hannunka kai kaɗai, ka mayar da kowace alama zuwa harafinta na gaskiya. Aikin minti biyar ne. Sannan duk lokacin da manhaja ta tambaye ka tsarin da za ta adana rubutu da shi, ka zaɓi UTF-8.

Wanda ya lura da lambobin nan zai ga cewa ƙananan ɓ da ɗ ba unguwarsu ɗaya da manyansu ba. An ajiye ƙananan ne cikin rukunin alamomin furuci na ƙasa da ƙasa, manyan kuma tare da ƙ da ƴ cikin wani rukunin na ƙarin haruffan Latin. Wannan ne dalilin da ya sa wani zubin yake da ɗaya ba shi da ɗaya, sai ka ga kalma ta fito da harafi guda siriri ko karkatacce a tsakiyarta, kamar baƙon haƙori, domin kwamfuta ta je ta aro shi daga wani zubin. Maganin wannan shi ne zubin da aka yi domin harsuna irin namu. Cibiyar SIL tana ba da Charis da Doulos da Gentium kyauta, da kuma Andika wanda aka tsara domin masu koyon karatu. Kamfanin Google yana da jerin Noto. Masu aiki da ajami su ma ba a bar su a baya ba: akwai Alkalami, wanda ya bi salon rubutun hannu na Kano, da Harmattan wanda aka yi domin harsunan Afirka ta Yamma.

Saura yadda za a buga su. A waya, allon Gboard yana da Hausa, mutum ya shiga wurin zaɓen harsuna ya ƙara ta kawai. A kwamfuta ni Keyman nake amfani da shi, shi ma na SIL ne, kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux da wayoyi, yana kuma bai wa mutum damar buga haruffa masu ƙugiya ba tare da ya sauya allonsa ba. Idan kuwa ka sami kanka a kwamfutar aro, cikin Word ko LibreOffice, ka rubuta U+0199 ka danna Alt tare da X, sai lambar ta juye ta zama ƙ. Kada ka yi ƙyuyar sa U+ ɗin nan a gaba, domin idan harafin da ya gabata a ne ko b ko wani daga cikin shida na farko, manhajar za ta ɗauka shi ma cikin lambar yake, ta ba ka wani abu daban ko ta ƙi ba ka komai.

Inda ido ke ganin ɗaya, na'ura na ganin uku

Bayan na koma kan Unicode na zaci na gama da wahala. Sai na zo ƙidayar kalmomi da AntConc, wata manhaja ta kyauta da Laurence Anthony na Jami'ar Waseda ta Japan ya ƙirƙira, wadda ke jero maka duk wuraren da kalma ta fito tare da abin da ke gabanta da bayanta. Na nemi kalmar "sa'a" sai na sami kaɗan, alhali na san ta fi haka yawa. Ashe alamar hamza da muke gani iri ɗaya, lambobi uku ne ke iya zama ƙarƙashinta: miƙaƙƙiya ta allon madannai (U+0027), da lanƙwasasshiya wadda Word ke sauyawa da kansa (U+2019), da wadda aka keɓe a matsayin harafi (U+02BC). Wasu manhajojin ma kallon alamar tsayawa suke yi wa biyun farko, sai su datse "jami'a" gida biyu. Ba sai an yi gardama kan wadda ta fi ba. Abin da ke wajibi shi ne mutum ya zaɓi guda, ya tsaya a kanta daga farkon kundinsa har ƙarshe, ya kuma rubuta a gabatarwa wadda ya zaɓa.

A nan ne bambancin rubutunmu da na maƙwabtanmu yake shigowa. Ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ, Nijeriya kuwa tana rubuta 'y. Ga mai karatu wannan ba komai ba ne. Ga na'urar bincike kuwa "ƴanci" da "'yanci" da "yanci" kalmomi uku ne da ba su san juna ba. Duk wanda zai haɗa rubuce-rubucen ƙasashen biyu wuri guda don nazari, sai ya fara daidaita wannan, in ba haka ba ƙididdigarsa ta tashi a banza. Mu Arawa ma muna da ta cewa a nan, tunda inda Bakano ya ce ƴa, mu ɗiya muke cewa.

Haka abin yake ga alamomin karin sauti. Harafin à ana iya rubuta shi da lamba guda, ana kuma iya rubuta shi da biyu, wato a sannan alamar da ke hawa kansa. Ido ba ya bambancewa, bincike kuwa yana iya tsallake ɗaya. Idan aka haɗa alamar tsawon wasali da ta karin ƙasa a kan a, babu lamba guda da ta ƙunshi duka, dole sai an jera. Unicode yana da hanyoyin daidaita wannan, mafi yaɗuwa ita ce wadda ake kira NFC. Bai zama dole ɗalibi ya san cikinta ba, amma ya san cewa akwai ta, ya kuma nemi a bi masa rubutunsa da ita kafin ya fara ƙidaya. Zan ƙara da cewa da na sa karin sauti a rubutun kakata, da ban shiga wannan ruɗani ba, domin kura da ƙura ba karinsu ɗaya ba. Na bi rubutun yau da kullum ne, wanda ba ya nuna kari ko tsawon wasali, na bar wa ƙugiya ita kaɗai nauyin rarrabewa.

Kada rubutu ya rabu da murya

Babban kuskurena bai tsaya ga zubin haruffa ba. Na raba rubutu da sautinsa, na ɗauki rubutun a matsayin dukiya, sautin kuma a matsayin ɓawon da aka gama da shi. Ga mai nazarin harshe, akasin haka ne gaskiya. Rubutu fahimtar mai rubutawa ce a daren da ya rubuta, da gajiyarsa da ƙarancin saninsa. Sauti kuwa shi ne shaidar da za a koma wa.

Yanzu da ELAN nake aiki, manhajar da Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da tunani da ke Nijmegen a ƙasar Holan ta samar. Tana ɗaure kowace jimla da daidai daƙiƙar da aka furta ta, tana kuma ba da layuka bisa layuka: ɗaya na yadda aka faɗa, ɗaya na daidaitacciyar Hausa, ɗaya na fassara, ɗaya na sharhi. Ka danna jimla ka ji muryar mai ita. Idan ana son duba sautin da kansa, sai a koma ga Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. A cikinsa mutum yana ganin hawa da saukar murya a zane, yana kuma ganin ɗan shirun da ke biyo bayan fashewar ƙ kafin wasali ya fara, abin da ke bambanta shi da k. Ranar da na fara ganin wannan a ɗaya daga cikin sautuka ukun da suka rage, na daɗe ina kallon allo. Amsar tambayata tana nan a irin wannan zane, cikin fayil ɗin da na ce sai na sayi babban kile.

Don yanka sauti da rage hayaniyar iska akwai Audacity, amma a riƙa aiki a kan kwafi, a bar na asali yadda yake, kuma a ɗauka a tsarin WAV idan da hali, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage nauyi. Don tara kalmomi da gina ƙamus akwai FLEx na SIL. Duk waɗannan kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ba sa bukatar intanet, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai yi aiki a ƙauyen da sai an nemi tudu kafin waya ta kama. Game da adanawa kuwa, ƙa'idata yanzu ita ce kwafi uku a wurare uku: a kwamfuta, a kile, da kuma ma'ajiyar intanet duk ranar da na shigo gari. Ba na kwanciya da sabon sauti a wuri guda.

Mai gyaran da ba a sa shi ba

Akwai wata asarar da ta fi ta ƙugiya wuyar ganewa, domin ita ba ta barin µ ko akwati a shafi. Manhajojin da ke gyara rubutu da masu fassara sun koyi Hausarsu ne daga abin da ya fi yawa a rubuce, wato daidaitacciyar Hausa wadda aka gina bisa karin Kano. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013, kuma babu mai musun amfanin da ta yi wa jama'a. Amma ka gwada buga maganar tsohuwar Ba'ara a waya mai gyara da kanta. "Tahi" zai so ya koma "tafi", "munka" ya koma "muka", "hwara" ya koma "fara", "tat taso" ya rasa t ɗinsa guda. Kowane gyara daidai ne a ma'aunin littafin makaranta, kuma kowane gyara yana goge ainihin abin da na je nema. Yaron shago ya share mini ƙugiyoyi da kyakkyawar niyya; wannan ma haka yake yi, sai dai shi ba ya gajiya kuma ba ya sanarwa. Saboda haka kafin in fara rubuta maganar wani, nakan kashe gyaran kai-tsaye gaba ɗaya.

Ba ina ƙyamar daidaitacciyar Hausa ba ne, ga shi da ita nake wannan rubutu. Ita ce ke haɗa ɗan Dogondutsi da ɗan Zariya da ɗan Kumasi a shafi guda. Amma karin yamma ba kuskure ba ne da ke jiran gyara. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda yanzu ana iya bincika shi a intanet, yana nuna kalmomin Sakkwato da na Katsina da sunan wurarensu. Bernard Caron ya wallafa littafi sukutum a 1991 a kan Hausar Adar, maƙwabtanmu na gabas. Idan aka ce na'urori sun koyi Hausa daga abin da ke rubuce, to tambayar da ke gabanmu ita ce wa zai rubuta ta Matankari da Kiyeshe da Tibiri da Sukukutane yadda take, da haruffa na gaskiya, tare da sautinta. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda ke tara muryoyin masu sa kai, yana karɓar Hausa. Muryoyin da aka ba shi su zai sani. Idan ba a ji tamu a can ba, ba wanda ya hana mu.

Lamarin ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan takardun hukuma da littattafan makaranta da sunayen mutane a rajista za su ƙara komawa Hausa, to za a buga su ne a kan allunan da ba su da ƙ, a ofisoshin da har yanzu ake gadon zubi mai fenti daga hannu zuwa hannu. Sunan wani zai rasa ƙugiyarsa a takardar haihuwa, a neme shi a na'ura a rasa. Ina ganin wannan aiki namu ne, mu ƴan sashen harshe, tun kafin ya zama na masu kwamfuta. Zama guda na awa biyu a farkon shekara, a sa wa kowane sabon ɗalibi Keyman da Charis a kwamfutarsa, a nuna masa gwajin sauya zubi, zai hana asarar da ba a iya ƙiyastawa. Ina roƙon malamanmu su duba wannan.

A hutun da ya wuce na koma gida da shafi na arba'in da ɗaya a aljihu. Na sami kawuna, wanda yana yaro aka yi tafiyar, yana gyaran igiyar guga a gindin bedi. Na karanta masa jimlar ba tare da na furta kalmar ba, na ce, "Kawu, mi ne ne ya taso?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ƙura mana, ɗana. Shekaran nan wace kura ta rage? Ita ma yunwa ta kore ta." Na ji daɗi na tashi. Da yamma na biya wajen babbar ƴar kakata, wadda muke kira Inna Babba, ita kuwa ta girme shi da shekara shida. Ta ce, "Kura ta! Ni na riƙe shi a baya muna gudu, shi mi ya sani? Kuka kawai yaka yi." Na koma wa kawu da wannan, ya yi dariya ya ce tun suna yara haka take ƙara wa labari gishiri.

Na dawo Yamai da amsoshi biyu, kowace da mai rantsuwa a kanta. Malamina ya ce in rubuta abin da na sani kawai. Saboda haka a cikin kundina jimlar tana nan da harafin farko na kalmar a tsakanin baka biyu, k ko ƙ, da ɗan bayani a ƙasa cewa sautin ya ɓace. Na kuma ɗauki maganar kawu da ta Inna Babba, kowanne da muryarsa, na ɗaure su da rubutunsu a ELAN, na adana a wurare uku kafin in kwanta a daren.